Faskare a Buhun Jambo: Abin da Ya Faru a Zaribar Kawu a Gadarif

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya fi shekara 20 yana sayar da ice da gawayi a wata zariba da ke bakin unguwarmu a Gadarif. Zariba dai fili ne da aka kewaye da ƙaya da tsofaffin kwanukan rufi, da rumfa guda a tsakiya, da sikeli a rataye. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 karatunmu ya tsaya, ni nake riƙe masa littafin ciniki. Saboda haka abin da zan kawo a nan ba labari aka ba ni ba. A gabana aka yi shi, wani ma da hannuna.

Ga wanda bai san garin ba, Gadarif tana gabashin Sudan ne, a kan hanyar Gallabat da iyakar Habasha, ƙasar dawa da riɗi. Hausawa sun daɗe a nan. Wasu jikokin alhazai ne da guzuri ya yanke musu a hanyar Makka, wasu kuma tsatson waɗanda suka yo hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, irin mutanen da suka kafa Mai Wurno kusa da Sinnar. Ƙasar wurin baƙar laka ce. Da rani takan tsage har ka zura hannu a ciki, da damina kuwa ta kumbura ta riƙe ruwa, ta kama ƙafar mutum da ta jaki da tayar lori. Ruwa yana sauka daga Yuni zuwa Oktoba, ƙarfinsa a Yuli da Agusta. A riƙe batun lakar nan, don za a sake haɗuwa da ita.

Dalilin tara ice

Kafin yaƙi, gidaje da dama a gari sun saba da gas, wanda akasarinsa daga matatar Jaili da ke arewa da Khartum yake fitowa. Da matatar ta tsaya, tukunyar gas ta zama kayan kallo. Ga jama'a sun kwararo: na Khartum da fari, sai na Wad Madani a Disamban 2023, daga baya na Sinja da Sinnar a tsakiyar 2024. Makarantu suka zama masauki, gidan da ake hura murhu ɗaya ya koma uku. Masu furun, wato gidajen burodi, da yawansu suka koma ga ice, haka ma mata masu tuyar kisira ta sayarwa, wato wainar dawa mai fele-fele irin ta Sudan.

Duk mai sana'ar nan ya san damina ce kakarsa. In ruwa ya zauna, lori ba ta iya shiga daji, ice ya yi wuya, kuɗinsa ya tashi. Wanda ya tara tun rani shi ke cin kasuwa. A shekarar 2024 Kawu ya ƙudura zai tara ninkin abin da ya saba. Matsalar ita ce rumfarsa ba za ta ɗauka ba, kuma icen da aka jibge a fili, ban da ruwa, akwai masu zarar guda-guda da dare.

Ɗan wani abokinsa da ya yi aikin dako a tashar jiragen ruwa ta Bur Sudan shi ya kawo shawarar buhun jambo. Manyan buhunan nan ne na saƙar zaren roba, masu kunne huɗu, waɗanda aka yi don ɗaukar kaya tan guda, faɗi da tsawo da zurfi kowanne ya kusa mita ɗaya. Ya nuna wa Kawu a waya yadda Turawa ke zuba faskare a cikinsu, su jera a bayan gida, ice ya bushe a ciki. Gani ya kori ji. Kawu ya sayi 16 na hannu, da araha, 6 daga ciki masu shafin leda ta ciki, irin waɗanda ake zuba kayan da ba a so danshi ya taɓa.

Abin da babu wanda ya lura da shi a cikinmu, har da ni mai taƙama da boko, shi ne buhun cikin wayar ba irin namu ba ne. Nasu gefensa raga ne, ko kuma saƙa ce da aka bar mata layi-layi a buɗe daga sama har ƙasa. Namu kuwa saƙar a matse take, an yi ta ne don kada ko ƙwayar sukari ta zube.

A ƙarshen Mayu lori biyu suka sauke. Ɗaya bagaruwa, wadda a nan ake ce wa sunut, daga wajen kogin Rahad. Ɗayar talha, dushe ke nan a bakin mutanen Kano da Sakkwato, wadda ita ce ta fi yawa a dazukan yankin, irin na Rawashda. Da takardunsu na Hukumar Gandun Daji, don Kawu ba ya taɓa icen da ba shi da izini. Sai dai kusan rabinsa sabon sara ne, in ka kafta masa gatari cikinsa na sheƙi. Masu faskare suka kwana 5 suna aiki. Ana faskarawa ana durawa, yara suna shiga suna tattakawa don ya ci da yawa. Aka ɗaure bakin kowanne, aka jera su sahu biyu a jikin katanga, buhu na gogar buhu, a ƙasa tsirara. Aka kawo tamfol babba aka lulluɓe su har ƙasa, aka danne gefe da duwatsu.

Wallahi ya yi kyau. Maƙwabta har leƙowa suke yi suna sa albarka.

Ranar da mai furun ya zo

A farkon Agusta, ruwa ya yi ruwa, wani mai furun da ya daɗe yana saye a wurin Kawu ya aiko a kai masa kaya. Muka kwance buhun da ke bakin sahu. Na sama-sama ba laifi. Muka loda a karo, amalanken jakin nan, aka auna, aka tafi. Na ga wasu guntaye sun yi duhu, na ji nauyinsu a hannu, amma ban ce komai ba, kuma wannan laifina ne.

Washegari ana sallame asuba sai ga mutumin, rigarsa duk toka, idonsa jawur. Ko zama bai yi ba.

"Alhaji, tsakanina da kai ba a taɓa haka ba. Ice ka aiko mini ko ruwa?"

Kawu ya ce, "Subhanallahi. Zauna mana, Malam, a yi magana."

"Ina zan zauna, mutane na layi tun ƙarfe huɗu? Furun ya ƙi ɗaukar zafi. Ƙullu ya tashi ya koma. Wanda ya gasu ma warin hayaƙi yake."

Ya zaro guntu guda daga cikin leda ya ajiye a kan teburina. Gefe ɗaya ya ƙone, ɗaya gefen kuwa ga alamar kumfa ta bushe a bakinsa, inda ruwa ya riƙa tsatsowa yana kuka a cikin wuta. Kawu ya juya shi, ya shinshina, ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, kira yara, a yaye tamfol ɗin nan duka."

Abin da muka tarar ya bambanta daga buhu zuwa buhu, amma fasalinsa ɗaya ne. Kamar taki guda daga sama ice lafiya lau. Daga nan in ka zura hannu sai ka ji ɗumi, irin ɗumin dusar da aka jiƙa ta kwana, da wari mai tsami. Faskaren tsakiya ya yi baƙi, ɓawonsa na saluɓewa, a ƙarƙashinsa farin zare-zare na fumfuna. Buhunan nan 6 masu leda su suka fi muni: da muka karkata ɗaya, ruwan da ya kwararo daga gindinsa ya kusa cika bokiti, baƙi kamar ruwan rini, alhali ko ɗigon ruwan sama bai shiga ba. A ƙasa kuma gara ta huda gindin buhu ta yi gini, ta manne faskare da laka har sai an sa diga. Mun kashe kunama 4 a ranar.

Talha kuwa nata ciwon daban ne. Ko wadda ba ta jiƙe sosai ba, in ka ɗaga sai gari ya zubo, fari-fari kamar na tuwo, jikinta duk ƙananan huji kamar an caccaka da allura. Ƙwaron nan ne da ake ce wa susa. Wani guntun mai kaurin damtse na karya shi da hannu. Kawu ya fi kowa sanin susa na son talha, amma ya ɗauka buhu zai kare ta. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Da muka gama tsincewa, cikin buhu 16 abin da za a iya sayarwa da sunan ice mai kyau bai wuce na 6 ba. Sauran wani aka baza a rumfa aka sayar wa masu kisira da rangwame, wani aka ba masu gawayi, wani kuwa sai juji. Wata hajiya da ke sayen talha don dukhan, turaren hayaƙin da matan Sudan ke zama a kai, ta ɗauki guda ta kai hanci ta mayar. Ita ƙamshin icen take saye, kuma ya tafi. Mai furun aka mayar masa da kuɗinsa, Kawu ya ƙara masa da kaya guda daga tsohon icen rumfa.

Me ya faru a cikin buhun

Ɗanyen ice ruwa ne da yawa. Ya danganta da irin bishiyar, amma daga sulusi har zuwa rabin nauyinsa na iya zama ruwa. Kafin ya ci wuta da kyau sai ruwan ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. In ba haka ba, wutar takan ɓata ƙarfinta wajen dafa ruwan da ke cikinsa kafin ta dafa abin da aka ɗora, shi ya sa kilo guda na icen da rabinsa ruwa ne ba ya ba da fiye da kusan rabin zafin busasshe. Ruwan kuma ta bakin sara da fuskar da gatari ya tsaga yake fita, ɓawo yana tare shi. Yana fita kuma dole a sami iskar da za ta kwashe shi.

To mu mun toshe ko'ina. Da rana tamfol ya ɗau zafi, ice ya yi gumi, tururi ya tashi ya rasa hanya. Da dare gari ya yi sanyi, tururin ya koma ruwa a jikin tamfol da leda, ya gangara ciki. Gobe a sake. Wata biyu ruwa ɗaya yana hawa yana sauka. Ruwan bokitin nan na icen ne da kansa. Ga laka a ƙasa ta sha ta ƙoshi tana tura danshi sama ta gindin buhu, ga tattakawar da yara suka yi ta cike 'yan kafofin da suka rage. Ɗumi, duhu, laima: in da fumfuna da gara za su yi wa kansu ɗaki, haka za su gina shi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne lokacin. Daga Maris zuwa Mayu zafin Gadarif yakan haura digiri 40, iska a bushe ƙayau. In da icen nan ya iso a Maris aka baza shi a fili, rana za ta yi aikin kyauta. Mu kuwa sai da hadari ya fara haɗowa muka ɗauki ɗanye muka kulle.

Da ruwa ya ɗauke na ce wa Kawu ya bar ni in gwada wani abu. A Nuwamba aka kawo sabuwar bagaruwa. Na zaɓi guntaye biyu daga gungume ɗaya, na shafa musu fenti. Ɗaya mai kilo 4 da giram 200 na ɗora a kan tulin da ke fili. Ɗayan mai kilo 4 cif na cusa a tsakiyar buhun da ba a yi wa wani gyara ba, na ɗaure. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci sai in auna a sikelin mai shagon da ke kusa da mu. Na fili ya riƙa sauka da sauri a makonni uku na farko, sannan a hankali, a mako na 6 ya tsaya a kilo 3 da giram 100, bakinsa ya tsattsage kamar diddigen manomi. Na buhu a mako na 6 yana kilo 3 da giram 700, kuma wannan a tsakiyar rani ne. Kawu da ba ya son lissafin takarda, ya ɗauki na filin ya ƙwanƙwasa da wani busasshe, ya ji ƙara ƙwal, ya ƙwanƙwasa na buhun ya ji dim. Ya ce shi wannan awon ya fi yarda da shi, kuma tun yana yaro ya san shi.

Batun kantar

A nan ne maganar ta bar hannun gara ta koma hannun mutane. A kasuwarmu da kantar ake sayar da ice, kantar guda kuwa kusan kilo 45 ne. Guntun da na auna ya rasa fiye da rubu'in nauyinsa. Ke nan buhun da ya ba da kantar 10 yana ɗanye, in ya bushe bai fi 7 da rabi ba. Mai zaribar da ya yi haƙuri ya busar da kayansa, sikeli yana hukunta shi, wanda ya sayar da jiƙaƙƙe kuma yana karɓar kuɗin ruwa. Ba na cewa duk masu ice da gangan suke yi, amma babu abin da ke tura su ga busarwa, in ba tsoron Allah ba da tsoron rasa mai saye.

Mai furun ya gane wannan sarai, don shi ke tsayuwa a bakin wuta. Da suka shirya da Kawu, shi ya ce a daina auna masa, a riƙa sayar masa da buhu. Jambo ya zama mudu. In ice ya bushe ko bai bushe ba, cikin buhu kusan ɗaya ne, don haka Kawu ba ya asarar komai in ya busar, shi kuma ba ya sayen ruwa.

Amma mudu ma yana da nasa rikicin. Faskaren da aka watsa a buhu ba kamar wanda aka jera ba ne: abin da ya cika buhun mita guda a warwatse, in ka jera shi tsaf bai fi kashi biyu cikin uku na mitar ba. In kuma icen karkatacce ne ko dogaye, buhu ya cika da wuri, rabinsa iska. Sai da aka kai ruwa rana kafin a tsaya a kan cewa tsawon faskare kamu ɗaya ne, a cika har ɗinkin baki, a girgiza sau biyu, kuma yaron mai furun yana tsaye ake zubawa.

Gyaran da aka yi

Ledojin ciki muka fara farkewa. Sannan muka sa wuƙa a wuta muka tsaga gefen kowane buhu layi-layi, faɗin yatsu biyu, a bar tazara. Wuƙar mai zafi ce ke narkar da bakin zaren ya manne, in da sanyi aka yanka saƙar warwarewa take yi. Biyu da gefensu ya lalace muka ɗinka musu tsohuwar raga. Akwai guda da aka gano ya taɓa ɗaukar takin zamani, Kawu ya ce a fitar da shi, ba za a zuba icen da zai gasa burodin mutane a ciki ba.

Aka yi dandamali da duwatsu da tsofaffin tayoyi, aka gicciya sanduna a kai, gindin buhu ya bar ƙasa da fiye da taki guda, ana zuba toka a kewaye, ana kuma leƙawa duk mako ko gara ta fara hawa. Tsakanin buhu da buhu mutum na iya ratsawa a kaikaice. Aka janye su daga jikin katanga. Iskar rani daga arewa take zuwa, ta damina daga kudu maso yamma, don haka aka miƙe sahun yadda duka biyun za su ratsa, aka kuma sa rufin ya fi zubowa ta gefen da ruwa ke bugowa. Rufin kwano ne a sama kawai, da tazara tsakaninsa da bakin buhu, bakin kuma a buɗe. Ba tattakawa.

Mafi girman canjin ba a buhun yake ba. Yanzu icen damina a Fabrairu da Maris ake sayensa, a faskara ƙanana, a baza a fili, ba ya shiga buhu sai guntun da aka yi wa fenti ya yi Juma'a biyu nauyinsa bai motsa ba. Bagaruwa kaɗai ke kwana damina, ita da taurinta ya sa a da ake shimfiɗa ta a ƙarƙashin layin dogo a ƙasar nan. Talha tana zuwa tana tafiya cikin 'yan makonni, abin da ya yi saura a kai wa masu gawayi, inda dama ta fi daraja.

Akwai abu ɗaya da ya kusa zama masifa. Mu ba mu da injin ɗaga kaya irin na tashar jirgi, kuma cikakken buhu ya haura kilo 300. Wani maƙwabci mai tarakta ya ce zai taimaka a matsar da guda. Aka rataya kunnuwan, ya ɗaga kamar kamu biyu, sai kunne ɗaya ya tsinke, buhu ya kife, faskare ya zubo dab da ƙafar ƙaramin ɗan Kawu. Da muka duba kunnen sai ya riƙa marmashewa a hannu. Rana ce ta cinye shi, don zaren roban nan ba ya jure hasken rana na watanni. Tun ranar ba a ɗaga buhu cike. A inda yake zaune ake zuba shi, a nan ake kwashewa. Na awon mai furun kuwa a kan karo ake shimfiɗa shi fanko a cika.

Daminar 2025 buhu 11 muka shiga da su. Biyu na gefen kudu sun ɗan sha feshi a sama, aka baza su kwana biyu suka koma daidai. Sauran yadda aka zuba haka aka kwashe, sai ƙura.

Ni a ganina, a gari irin namu jambo rumbu ne da mudu, busarwa kuwa aikin rana da iska ne tun kafin ice ya shiga. Kawu bai gamsu da ko wannan ba. Lissafinsa shi ne buhu na hannu da kyar yake ganin damina biyu, kuɗin da ake zubawa a sayensa duk shekara in an tara zai ƙara wa rumfa kwano, kuma rumfa ba ta tsinkewa a kan ƙafar yaro. Na ce masa rumfa ba ta hana masu zara da dare, ba ta kuma zama mudu. Ya ce kare ma yana hana masu zara. Har yanzu ba mu gama wannan gardamar ba, kuma farashin kwano bai sauko ba balle a gwada tasa.

Buhunan da suka mutu Inna ta yayyanka ta yi wa awakinta inuwa da su. Mai furun yana nan yana saye da buhu, sai dai duk kaya na goma yakan sa a juye a gabansa, ya tsinci guda daga can ƙasa, ya ƙwanƙwasa a jikin karo yana sauraro, sannan ya ce wa yaronsa a shigar.